Harawar Kantu

An yi wani mutum da ya cinye rabon marar baki, an kuma yi wani bawan Allah da ya ciyar da marar bakin nan daga ɗan abin da ke gidansa. Laifin da zan ba ku labarinsa yau shi ne cin amanar kayan jama'a. Ku saurara. Masu hira a baya, ku bari sai an tashi.

A wani gari na bakin iyaka, shekarun baya, akwai tsohon zangon fatake. Da mota ta zo ta kashe fatauci da ƙafa, sai zangon ya zama kango. Dattawan garin suka roƙi hukuma a gyara shi ya zama gidan tarihi, amma ba irin wanda ake jera kaya a bayan gilashi ba. Suka ce a zuba masu rai a ciki: maƙeri ya hura wutarsa, masaƙi ya yi saƙarsa, mai fura ta yi damunta, jikoki su gani da idonsu yadda kakanni suka rayu. Hukuma ta yarda, ta riƙa ware kuɗi duk shekara daga harajin talakawa. Gidaje kuma suka kawo aron kayan gado, wannan takobi, wancan akushi, waccan tukunyar kakarta.

Abin da ya fi jan mutane a gidan nan shi ne wani farin takarkari, wato sa mai ɗaukar kaya, ana kiransa Kantu saboda farinsa kamar kantun gishiri. Mai kula da shi wani dattijo ne, Nomau, jikan madugu, ba shi da komai a duniya sai 'yar gona da akuya da matarsa Yelwa. Duk ranar kasuwa zai ɗora wa Kantu mangala cike da gishiri, ya ja shi daga ƙofar zango zuwa bakin rijiya, yana yi masa kirarin da ya ji a bakin kakansa. Har daga ƙetaren iyaka ake zuwa kallo.

Sai aka naɗa wa gidan sabon shugaba, Alhaji Mamuda. Mutum ne mai son abin da ido ke gani. Ya shafe ƙofar zango da fenti, ya kafa allo mai sunansa, ya ɗora bene a gidansa. Harawa da dusa da hukuma ke biya wa Kantu kuwa, suka fara zuwa rabi, daga baya suka daina zuwa.

Nomau ya je ya durƙusa a ofis. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rumbun Kantu babu komai."

Alhaji Mamuda bai ɗago kai ba, ya ce, "Sa ne fa, Nomau, ba ɗan sarki ba. Ka kai shi bayan gari ya yi kiwo."

"Rani ne, ranka ya daɗe. Bayan gari ko tsinke babu."

"To ya ci tarihi, ai shi ya tara."

'Yan ofis suka yi dariya. Nomau ya tashi ya fita.

Ku ji abin da bawan Allah ya yi. Ya kwashe harawar gonarsa ya kai wa Kantu. Ta ƙare. Ya sayar da akuyarsa ya sayi dusa. Ta ƙare. Ya koma bin gidaje yana roƙon ruwan tsari da ɓawon wake. Wata rana Yelwa ta tare shi a bakin ƙofa, ya ɗauko dusar da ta tankaɗe.

Ta ce, "Malam, san nan naka ne?"

Ya ce, "Ba nawa ba ne."

"To na wa?"

"Na kowa."

Ta ce, "Na kowa, amma kai kaɗai kake kwana da yunwa dominsa. Ni dai na ga kishi da sa bai kamace ni ba, da na yi."

Ya yi murmushi, ya ce, "Yelwa, igiyarsa a hannuna aka sa. Ranar da za a tambaya, ba kowa za a kira ba, ni za a kira." Ta shiga ɗaki ta ƙaro masa wata dusar.

Duk da haka Kantu ya rame. Haƙarƙarinsa suka fito, tozonsa ya kwanta. Nomau ya daina ɗora masa kaya, sai ya ja shi haka nan, a hankali, suna tsayawa suna hutawa kamar tsofaffi biyu.

Ana nan sai labari ya zo cewa manya daga hukuma za su zo duba gidan, su ga ko ya cancanci a ci gaba da ba shi kuɗi. Ranar jajibiri Alhaji Mamuda ya zo turke da kansa, ya ga Kantu, hankalinsa ya tashi.

Ya sassauta murya ya ce, "Baba Nomau, abu kaɗan za ka yi mini. Ka san dabarar 'yan kara, masu sayar da shanu. Ka jiƙa masa kanwa mai yawa, ƙishi ya kama shi, ya sha ruwa cikinsa ya cika. Mu rufa masa gwado a haƙarƙari, mu cusa ƙaiƙayi a mangala ta yi kamar gishiri ne. In an wuce lafiya, akuyarka biyu."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, cikinsa babu abinci. Kanwa za ta kashe shi. Kuma ko ba za ta kashe shi ba, masu zuwan nan idon talakawa ne. Ba zan yi musu ƙarya da cikin Kantu ba."

"Kana cin albashin gidan nan kana gaya mini haka?"

"Albashin ma ya kwana biyu bai zo ba, ban ce komai ba. Wannan dai ba zan iya ba."

Alhaji Mamuda ya fizge igiyar daga hannunsa, ya ce ya fita, kada ya ƙara taka zangon. Nomau ya shafa wuyan Kantu, ya fita. San ya bi shi da ido har ƙofa. Aka kira wani dillalin shanu, ya yi abin da aka ce.

Washegari gari ya cika zango. Nomau yana cikin taron, can baya, jikin katanga. Aka fito da Kantu, ciki ya kumbura kamar ganga, an lulluɓe shi da jan gwado. Manya suka gyaɗa kai suna yabawa. Bai kai rijiya ba ya tsaya, ƙafafunsa suna rawa. Dillali ya ja, ya ja. Kantu ya durƙusa, ya faɗi a gefe guda. Gwado ya zame, kowa ya ga ƙasusuwa. Mangala ta fashe, iska ta watsa ƙaiƙayi a kan rigunan baƙi.

Nomau ya keta taron, ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan Kantu a cinyarsa, yana yi masa kirarin nan ƙasa-ƙasa. Aka ce a kawo wuƙa a yanka, kafin a samo rai ya fita. Ya tafi mushe, ko naman ba a mora ba.

Babban cikin baƙin ya sunkuya ya ce, "Baba, yaushe rabon da a kawo masa harawa?"

Nomau ya ce, "Tun kafin kaka." Bai nuna kowa da yatsa ba.

Kada ku zaci zan ce muku an ba shi gida da doki. Ba a ba shi komai ba. Igiyar hancin Kantu ya kwance ya tafi da ita, ya rataye a ɗakinsa, tana nan har ya rasu. Amma ranar jana'izarsa mutane daga ɓangare biyu na iyaka suka cika maƙabarta, babu wanda ya aika musu.

To jama'a, ku dubi kanku. Abin da aka ce na kowa ne, yana da mai shi, kuma mai shi yana gani. Kai mai riƙe da makullin famfon unguwa, ke mai rabon abincin makaranta, kai mai ajiyar asusun masallaci, kowannenku akwai igiyar wani Kantu a hannunsa. Wanda ba ya iya kai ƙara, shi ya fi cancanta ku ji tsoron haƙƙinsa.

Shi kuwa Alhaji Mamuda, ga abin da ya rasa. Ya rasa kujerarsa. Hukuma ta janye kuɗinta, gidaje suka zo suka kwashe kayan gadonsu, mai takobi ya ɗauki takobinsa, mai tukunya ta ɗauki tukunyarta, ya rasa gidan tarihin da yake taƙama da shi. Aka sayar da benensa aka biya abin da ya ci. Ya rasa sahun gaba a masallaci, don in ya tsaya sai na kusa da shi su ja da baya. Ya rasa sunansa ma, har ya mutu ba a kiransa sai Maciyin Harawa.