Mutumin da Ya Katange Rijiyar Gayya

An yi wani mutum a nan Kaduna, can gefen Malali, a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma ba su suka yi laifin ba. Ɗan tebur ne, yana sayar da ashana da sabulu da kananzir a ƙofar gidansa. Ba shi da dukiya, amma bai taɓa kwana da yunwa ba. In an kira salla yana sahun gaba, in an yi haihuwa ko rasuwa shi ne farkon zuwa.

A lokacin unguwar sabuwa ce. Leburori ne da masinjojin ofis da masu sana'ar hannu, kowa ya taso daga garinsu ya kafa ɗan ɗakinsa. Babbar wahalarsu ruwa. Famfo yana can wajen gidajen Turawa, bai san da zamansu ba. Mata sukan ɗauki tulu su gangara kogi, ga nisa, ga santsi. Wadda ta gaji kuwa sai ta tsaya a kududdufi ta ɗebi abin da ya samu.

Sai mutanen unguwa suka yi shawara su haƙa rijiya da gayya, kowa ya kawo ƙarfinsa, ba a biyan kowa. Aka duba ko'ina, aka ga inda ya fi alamar ruwa shi ne wani kwari a bayan gidan mutumin nan, a cikin filinsa. Tun kafin a roƙe shi ya miƙe ya ce, "Ƙasa ta Allah ce, ruwa ma na Allah ne. Ku haƙa. Wa ya isa ya hana ɗan'uwansa ruwa?" Jama'a suka yi ta sa masa albarka.

Aka kama aiki, Musulmi da Kirista, ba wanda ya tambayi wani addininsa. Akwai wani kafinta Kefas, mutumin kudancin Zariya, shi ya sassaƙo itacen da aka gindaya a bakin ramin. Akwai wani lebura Husaini, shi ya fi kowa shiga ciki, don ba ya tsoron zurfi. Matarsa Safara'u mai koko ce, kullum da safe ita ke kawo wa 'yan gayya abin karyawa. Mai filin fa? Shi dai yana tsaye a bakin rami yana ta "sannunku, sannunku." Ban ji wanda ya ce ya taɓa ganin diga a hannunsa ba.

Ranar da aka fara ganin laima a ƙasa, igiyar fitar da ƙasa ta tsinke. Bokiti cike da marmara ya faɗo wa Husaini a ka. Kafin a fito da shi rai ya yi halinsa.

A wajen zaman makoki mutumin nan ya fi kowa kuka. Ya tsaya a bakin zaure, inda Safara'u za ta ji shi daga ciki, ya ɗaga murya ya ce, "Matar Husaini, ki ji, jama'a kuma ku shaida. Muddin akwai ɗigon ruwa a rijiyar nan, ke da 'ya'yanki ba za ku sake zuwa kogi ba." Ta ji, ta yarda. Me zai hana ta yarda? Mutum ne da goshinsa ya yi baƙi don sujada.

Aka ƙarasa rijiya. Ruwa garau, mai sanyi, ko da bazara ba ya ƙafewa. Safara'u ta ci gaba da kokonta, da shi take riƙe marayunta.

Ya 'yan uwa, a nan nake so ku buɗe kunne, domin kwaɗayi ba ya zuwa da ganga. Gwamnati ta fara gine-ginen gidajen ma'aikata wajen Unguwar Rimi. Wani ɗan kwangila mai buga bulo ya rasa ruwa, aka nuna masa rijiyar. Ya zo da mota cike da duro, ya ɗiba, da zai tafi ya danƙa wa mai filin abin goro. Mutumin nan ya buɗe hannunsa ya ga abin da tebur ba ya kawo masa a mako. Tun daga ranar idonsa ya daina ganin ruwa a rijiyar nan. In ya leƙa, kwabbai yake gani.

Da farko zana ya kewaya, wai saboda awaki. Mutane suka ce ya kyauta. Sai zana ta zama katanga, wai kada yara su faɗa. Mutane suka ce ya yi tunani. Sai katanga ta yi ƙofa, ƙofa ta yi sakata. Wata safiya mata suka zo da tuluna, suka tarar da shi zaune a kan kujera a bakin ƙofa, ga 'yan garuwa sun yi layi. Ya ce daga yau garwa kwabo ce.

Dattawan unguwa suka same shi. Suka tuna masa gayya, suka tuna masa Husaini. Ya murje ido ya ce, "To, a filin wa take?" Kefas ya ce, "Haba maƙwabci, ko itacen da ke bakinta ai ni na sassaƙa shi." Ya ce, "In kana so, zo ka cire abinka." Aka fito kowa baki buɗe. Wallahi ni kaina duk sanda na zo nan a labarin sai zuciyata ta tafasa.

Safara'u ba ta damu da farko ba. Ta ɗauka wannan magana ba ta shafe ta ba, ai ita an yi mata alkawari a gaban jama'a. Ta zo da tulunta ta gaishe shi, za ta wuce, ya miƙe ƙafa ya tare ƙofa.

Ta ce, "Malam, ni ce fa. Safara'u."

Ya ce, "Na gan ki. Ba koko kike sayarwa da ruwan ba? Ke ki sayar, ni in bayar kyauta?"

Ta ce, "Mijina a cikinta ya mutu."

Ya ce, "Ajali ne. Ni na tsinke igiyar?"

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ɗora tulunta a ka, wayam, ta juya. Ribar koko ba ta ɗaukar sayen ruwa, kogi kuma ya yi wa mai goyo nisa, sai ta koma kududdufi. Damina na zagayowa kurkunu ya fito mata a ƙafa. Ta kwanta wata da watanni tana naɗe shi a tsinke, tukunyar koko ta kife, marayu suka koma cin abin da maƙwabta suka miƙo. Mutumin nan ya ji labari. Ko sannu bai aika ba.

Shi kuwa ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, ya sayi keke, ya daina tebur. Duk wanda ya raɓi katangarsa sai ya ji tsawa. Yaro ya leƙa, tsawa. Tsohuwa ta roƙi moɗa ɗaya, tsawa. Har mutane suka saba, in sun ji muryarsa ta tashi sai su ƙara sauri, ba mai waiwaye.

Sai aka yi wata bazara mai tsanani. Motar duro tana zuwa safe da yamma, ruwa ya fara ja da baya. Mai hankali da ya rage ɗiba. Shi sai ya ga kasuwa za ta kuɓuce masa, ya ƙudura ya ƙara mata zurfi. Gayya ba ta kiruwa, don wa zai amsa? Masu haƙar rijiya suka ce ƙarƙashin marmarar yashi ne, sai an ɗaure da siminti kafin a taɓa. Ya ji kuɗin siminti, ya ce cutarsa za su yi.

Ran nan matarsa Ramatu ta tafi suna Rigachikun da yara. Bayan azahar ya sallami 'yan garuwa, ya sa sakata ta ciki don kada wani ya ga yadda ruwa ya ragu, ya ɗaura igiya, ya sauka da diga. Mutumin da bai haƙa ko taƙi ɗaya ba ranar gayya, yau shi ne a ƙasan rijiya shi kaɗai. Bai yi wani sara mai yawa ba gefen ya zabtare. Ƙasa ta danne shi har ƙirji.

Ya yi ihu, ya 'yan uwa. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Kuma an ji shi. Mata sun wuce ta bayan katangar nan da tulunansu na kogi, sun ji hayaniya, suka ce yau kuma ko wa ya samu, suka ƙara sauri. Sai dab da magariba Ramatu ta dawo ta tarar da ƙofa a garƙame, ta jiyo nishinsa daga ciki, ta ƙwalla ƙara. Su wa kuke zaton suka zo? Mutanen da ya kora. Kefas ne ya ɓalle ƙofar da gatarinsa, shi ne kuma ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga.

An fito da shi da rai, amma bayansa ya karye, ƙafafu sun mutu. Kafin gari ya waye sauran rijiyar ta rufta gaba ɗaya. Ɗan kwangila ko leƙe bai yi ba, ya nemi wani wuri. Keke ya tafi wajen masu ɗori, kwano ya bi baya, filin ma aka sayar. Ya koma kwance a zauren wani dattijo, ko juyi sai an juya shi.

Wata rana da zafi ya hango Safara'u za ta wuce tana ɗingishi, tulu a kanta. Ya kira ta. Ya ce ƙishi yake ji, ya ce kuma ta yafe masa don Allah. Ta tsaya. Ta sauke tulu, ta cika moɗa, ta tallafo kansa ya sha. Sannan ta ce, "Ruwa na ba ka, Malam, don ko jaki ba a hana shi ruwa. Maganar alkawari kuwa, ba da ni kaɗai ka yi ba. Husaini yana can yana jiranka." Ta ɗauki tulunta ta tafi. Bai ga wata damina ba.

Ya 'yan uwa, neman kuɗi ba laifi ba ne. Ku fita ku nema, ku yi ciniki, ku ci riba. Amma mutumin nan ba shi da yunwa ranar da ya tare ƙofa. Abin da ya kashe shi shi ne zuciyar da ba ta san ya isa ba. Ya sayar da gumin maƙwabtansa, ya sayar da rantsuwarsa, ya dubi matar mamaci ya ga mai saye. Kada ku ce ai ku ba ku da rijiya. Kai da aka ba riƙon marayu, kai da jama'a suka ɗora a kan abin da suka haɗu suka gina, tambayi kanka yau: zana ka fara kewayawa ko har ka kai katanga? Haƙƙin Allah, in ka tuba, Shi Mai gafara ne. Haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe, kuma ba kullum yake yafewa ba.

Allah ya kiyaye mu da kwaɗayin da ke rufe ido. Allah ya kiyaye mu da cin amanar masu rai da matattu, kada Ya ɗauki ranmu da haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin.