Jinin Hansatu da Sunan 'Yarta

Ga ta nan tafe gare ku, ku gyara zama ku tarbe ta. Wannan kaya ne zan ɗora muku a ka, ni in koma gefe in sha shayina. Kai mai latsa waya, ajiye ta, don da kai zan fara in na zo tambaya.

A wasu ƙasashe uku maƙwabta, waɗanda ba zan kama sunansu ba kada gobe a ce ni na ce, kowace ƙasa tana da majalisar masana kimiyya. Nan ake tara waɗanda suka yi zurfi a bincike, gwamnati tana neman shawararsu, ko da yake ba kullum take ɗauka ba. Majalisun nan sun shiga ƙungiya ɗaya da irinsu na sauran ƙasashe, suka yi wa juna alkawari cewa abin da ya gagari masanan wata ƙasa a kawo shi gaban kowa, kada a zauna a kansa. Suna da dandali a na'ura inda ake ajiye tambaya kowa ya gani. Wasu da Turanci suke rubutu, wasu da Faransanci, amma namu na nan kusa in abu ya yi zafi Hausa suke komawa.

To, a ƙasa ta farko akwai wata mace, Hansatu, matar wani baduku da ake kira Tanimu. Sun daɗe tare suna zaman lafiya, sai dai duk abin da ta haifa ba ya zama. Da ta sake samun ciki ya tsufa, likita ya duba ya ce mabiyiya ta tare wa jaririn hanya, sai an yi aiki, kuma ba ya taɓa ta sai da jini a ajiye. Tanimu ya miƙa hannu, abokan sana'arsa suka yi layi a bayansa. Aka gwada na kowa, babu wanda ya dace da nata. Aka kwaso na asibiti leda bayan leda, duk jininta ya ƙi su. Ita kaɗai iyayenta suka haifa, balle a ce a nemo ɗan'uwa. Ciki kuwa ba ya jiran kowa. Hansatu tana kwance tana ɗinka 'yar hula ta jariri, mijin yana zaune a bakin gado ya kasa kallon hular.

Aka kai maganar gaban Farfesa Saudatu, masaniyar jini, 'yar majalisar ƙasar. Wasu sun riga sun yanke cewa kayan gwaji ne suka lalace. Ita ta ce ba ta yarda ba. Ta sake gwaji da hannunta, ta maimaita, har ta gano cewa akwai wani abu da yake cikin jinin kusan kowane ɗan Adam, amma babu shi a na Hansatu, shi ya sa jikinta yake yaƙar duk jinin da yake ɗauke da shi. A ƙasar ba a taɓa ba da labarin irinsa ba. Wani abokin aikinta ya ja ta gefe ya ce, "Farfesa, wannan fa rabonki ne ya zo har gida. Ki yi shiru ki fara rubuta shi da sunanki, in kin kai dandali ya zama na kowa." Gaskiya ya faɗa, domin a sana'arsu wanda ya fara faɗa shi ake tunawa, kuma irin wannan ba ya zuwa wa mutum sau biyu. Ga shi kuma ba ƙaramin abu ba ne mai furfura irinta ta fito gaban duniya ta ce ta san ciwo ba ta san magani ba. Saudatu ta ce masa, "Rubutu yana jira, cikin baiwar Allahn nan ba ya jira." Ranar ta zuba duk abin da ta gano a dandali, ba ta rage komai ba, ta roƙi duk wanda ya taɓa ganin mai irin jinin nan ya yi magana. Daga baya da aka buga binciken, sunanta yana can tsakiyar sunaye masu yawa, sai ka sa tabarau za ka gan shi.

A ƙasa ta biyu, ƙasar babban kogi, Dakta Kaltume ta ga tambayar, kuma ta san amsar. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a wani garin masunta tana binciken jini da zazzaɓi, kuma a wani gida can ta taɓa ganin wannan irin. Amma ku ji yadda ta samu shiga garin. Mutanen suna da tsoron masu allura, don an taɓa cika musu kunne da cewa sayar da jini ake yi. Ta yi ta zuwa musu suna da jana'iza, ta ci tuwonsu, ta koyi gyaran komar kamun kifi, kafin dattijon garin ya yarda, shi ma da sharaɗi biyu: ba za ta taɓa ɗibar abin da ya wuce ɗigo daga yatsa ba, kuma ba za ta taɓa faɗa wa kowa sunan wanda ta ɗiba ba. Ta rantse a gabansu. Yanzu ga shi abin da ake nema ba ɗigo ba ne, ledoji ne.

Da ta so, da ta yi shiru, ba wanda zai san ta sani. Ba ta yi shirun ba, kuma ba ta yi aike ba. Ta shiga kwalekwale da damina, kogi ya cika ya batse, ta je ta durƙusa gaban dattijon ta ce, "Baba, alkawari biyu na ɗauka. Na zo roƙon a sauke mini ɗaya. Na biyun kuwa da shi za a binne ni." Ta ba shi labarin Hansatu da 'ya'yan da ta binne. Dattijo ya tura ta cikin gida wurin mata. Aka yi ta shawara, wasu suna cewa dama sun faɗa, mai allura ba ta ƙoshi. A ƙarshe mutum biyu daga gidan nan mai irin jinin suka ce za su bi ta zuwa ƙaramin asibitin da ke bakin kogi. Dattijo ya kira ta ya ce, "Kaltume, jini an ba ki, don mai ciki. Amma wanda ya roƙi a warware masa rantsuwa sau ɗaya zai sake. Ki riƙa zuwa, ke 'yarmu ce, tuwonki yana nan. Allurarki dai ta gama aiki a garin nan." Binciken da ta kusa kammalawa a nan ya tsaya. Ta yi kuka a kwalekwale, kuma ni ban ga laifinta ba.

Jini ya samu, amma tsakanin bakin kogin da gadon Hansatu akwai tafiya mai nisa, ga zafi, ga ruwa ya cinye hanya. Jini kuwa in ya ji zafi ya zama guba. Sai aka sake komawa dandali, aka tuna da Injiniya Zulaihatu ta ƙasa ta uku, ƙasar rairayi. Ita ce ta ƙera wani akwatin sanyi mai aiki da hasken rana, kuma ita ce ta yi ta jelen ofisoshi har ƙasashen suka sa hannu cewa kayan bincike da na ceton rai za su iya ƙetare iyaka da shaidar majalisun. Akwatin nata guda ɗaya ne tak da aka gama gwadawa, kuma yana da hali irin na jakin gida, mai shi kaɗai yake ji wa magana.

Ina saƙon ya same ta? A sansanin alhazai. Shekara da shekaru tana neman kujera, bana ta samu, ta yi sallama da dangi, an yafi juna, jakarta a ɗaure, ana jiran a kira jirginsu. Ga shekaru sun ja, ga ciwon gwiwa, ba ta da tabbacin za ta ga wata shekarar da ƙarfinta. Ta karanta saƙon, ta zauna a kan jakar. Wata 'yar'uwarta ta ce, "Yaya, ɗakin Allah fa za ki." Ta ce, "Na sani. Shi ya san inda na juya." Ta koma gida ta ɗauki akwati, ta ƙetare iyaka ta farko ta karɓi jinin daga hannun Kaltume, wadda ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba sai ranar. A iyaka ta biyu jami'ai suka ce su ba su taɓa jin an wuce da jini ba. Ta fito da shaidar, ta kira magatakardan majalisu biyu, suka yi ta buga waya sama har aka ɗaga mata ƙarfen shinge. Inda gada ta karye ta ɗora akwatin a ka ta ratsa ruwa har ƙugu, ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba. A rediyon wata motar haya ta ji cewa jirginsu ya tashi. Ta share hawaye, ta duba ma'aunin sanyi, ta ga yana nan daidai.

Aka yi aikin. Jini ya zuba kamar yadda likita ya ji tsoro, aka ƙara wa Hansatu wanda aka kawo, jikinta ya karɓa. Jaririyar, mace ce, ita ma sai da aka ɗiga mata kaɗan. Duk biyun suka rayu. Tanimu, wanda ba a taɓa ganin hawayensa ba ko a maƙabarta, ya jingina da bangon asibiti yana kuka kamar yaro.

Da ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne, bai raɗa mata suna ba, domin Hansatu ta riƙe hannunsa ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙo. Wadda ta raya mini ita, ita za a yi wa takwara." Ya ce ya ji, ya kuma ɗauka. Ya fara neman sunan masu jinin, Kaltume ta ba shi haƙuri ta ce wannan ƙofa a rufe take har abada. Saura mata uku. Ya je wa Saudatu, ta ce ita tambaya kawai ta yi, a sa Kaltume. Kaltume ta ce da jinin ya lalace a hanya mene ne amfaninsa, a sa Zulaihatu. Zulaihatu ta yi dariya ta ce ita 'yar dako ce, da Saudatu ta rufe bakinta da ba a san da kayan ba. Wani ya ce a jera duka ukun, kamar yadda suke jera sunaye a kan bincikensu. Hansatu ta ce a'a, 'yarta za ta tashi ta san mace ɗaya da za ta ce wannan ce mai sunana.

Safiyar suna ta yi. Rago yana ɗaure, an raba goro, matan nan uku suna ɗakin mai jego suna karɓar jaririya hannu zuwa hannu. Liman ya matso da kunnensa kusa da bakin Tanimu yana jira.

To, ga ku ga Tanimu. Wadda ta bar sunan da zai ɗaukaka ta ta yi tambaya, da wadda ta sadaukar da aikin rayuwarta ta samo jini, da wadda ta juya daga hanyar Makka ta kawo shi da sanyinsa: sunan wace ce a cikinsu za a raɗa wa yarinyar nan?