Kindirmon Bushiya da Murhun Zabuwa

An yi wata Bushiya mai wadar zuci, wadda ta bar gidan iyayenta ta kafa nata ɗakin a gefen wata gonar gyaɗa. Zana ɗaya ce ta raba ta da maƙwabciyarta Zabuwa. Ita kuwa Zabuwa mai alfahari ce, kuma babu abin da take tinƙaho da shi kamar murhunta. Takan ce duk unguwar babu hayaƙin da ya kai nata tashi sama.

Mahaifiyar Bushiya ba ta so wannan zaman kaɗaici ba. Da ƙyar ta amince, ita ma bisa sharaɗi. Za ta aiko Baba Kunkuru, aminin marigayi mijinta, ya ga yadda ake riƙe gidan. Idan ya dawo ya ce yarinyar ta iya karɓar baƙo, shi ke nan. Idan kuwa ya dawo da yunwa, to sai ta tattara kayanta ta koma gida.

Rannan aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye Bushiya ta tarar itacenta ya jiƙe sharkaf, tokar murhunta ta zama taɓo. Tana tsaye tana jimami, sai ta ɗaga kai ta hango Baba Kunkuru can wajen tsamiyar bakin hanya, tare da Gwaggo Hawainiya, tsohuwar da takan yi masa rakiya.

Abu ɗaya ne ya ɗan kwantar mata da hankali: daga shi har Gwaggo babu mai sauri. Ta ɗauki kasko ta nufi gidan Zabuwa ɗibar wuta, kamar yadda maƙwabta suka saba.

"Salamu alaikum, Yaya Zabuwa. Don Allah a sam mini wuta, da ɗan busasshen itace. Baƙi gare ni."

"Baƙi? Ke?" in ji Zabuwa. "A wannan ɗakin naki da ko ni sai na sunkuya?"

"Baba Kunkuru ne, Yaya. Innata ce ta aiko shi."

Zabuwa ta gyara tsayuwa, ta karkaɗe fukafukai. "Babban baƙo irin wannan ai gidan mai murhu ya kamata ya sauka. Ki turo mini shi. Wutata ba ta yawo a kasko."

"Haba Yaya, garwashi biyu kawai."

"Ko ɗaya. Koma, 'yar ƙaya, kada ki tsage mini zana."

Bushiya ta dawo da kasko wayam. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ji kamar ta dunƙule ta ɓoye kanta, kamar yadda danginta suke yi idan abu ya fi ƙarfinsu. Amma ta leƙa hanya ta ga baƙin sun baro tsamiya. Sai ta miƙe ta ce wa kanta, "To, bari in ga abin da Allah ya bar mini a ɗaki."

Ta buɗe ƙwarya ta ga kindirmon jiya ya kama sarai. Akwai dabino a cikin kwando, da ayaba nunanniya, da zuma a gindin gora, da sauran soyayyiyar gyaɗa.

Ta ɗauko farin ƙyalle mai tsabta, ta juye kindirmon a ciki, ta rataye shi don ruwan ya tsane. Kafin ya gama ɗiga ta jiƙa dabinon, ta cire ƙwallayen, ta kirɓa shi a turmi har ya yi laushi. Sa'an nan ta sauko da kindirmon, ya yi kauri kirtib, ta zuba zuma ta burga shi da maburgi.

Ta jera ƙananan ƙoƙuna. A gindin kowanne ta shimfiɗa dabino, ta zuba kindirmo a kai, ta jera yankakkiyar ayaba, ta sake rufewa da kindirmo. Da ta zo kan gyaɗa sai ta tuna Baba Kunkuru ba shi da haƙori, don haka ta daka ta ta yi lukui kafin ta barbaɗa. Ta rufe ƙoƙunan da faifai, ta binne gindinsu a cikin yashi mai danshi na ƙarƙashin randa, don su ɗauki sanyi.

Tana wanke hannu baƙi suka yi sallama.

Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sa'an nan ta durƙusa ta ajiye ƙoƙunan. "Baba, ku yi haƙuri. Yau murhuna bai tashi ba."

"To, murhu na zo ci?" in ji Kunkuru. "Miƙo ludayi."

Ya kai baki, ya lumshe ido. Ya sake kaiwa. "Gwaggo," ya ce, "rana ta dafa mu a hanya, ga shi yarinya ta sauke mu. 'Yata, akwai ƙari?"

Ashe duk abin nan Zabuwa na leƙe ta ƙofar zana. Ta kasa daurewa, ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Subhanallahi! Ɗanyen abu aka ba dattijo? Abin da bai ga wuta ba? Baba, ku taso mu je gidana, in yi muku irinsa na gaske, dafaffe, ku ji bambanci."

Kunkuru mai kara ne, ba ya iya ƙin gayyatar maƙwabci. Ya dubi ƙoƙonsa da kewa, ya ce, "To, mu je." Hankalin Bushiya ya sake tashi. Idan na Zabuwa ya fi, me Baba zai je ya faɗa? Ta bi su a baya.

Zabuwa ba ta tsaya nan ba. Ta hau kan danga ta yi ta kwarmato, "Jama'a, ku zo ku ga yadda ake karɓar baƙo!" Kafin a jima tsakar gidanta ta cika da maƙwabta.

Ta ɗora babbar tukunya. Ta juye kindirmonta duka, ta antaya zuma, ta watsa dabino da ƙwallayensa, ta cusa itace har harshen wuta na lasar bakin tukunya.

Bushiya ta matso ta yi ƙasa da murya. "Yaya, ki rage wutar. Kindirmo ba ya son zafi."

"Ji mai koya mini girki! Ke da kika zo bara da kasko ɗazu? Matsa, kada hayaƙi ya shaƙe ki, ba ki saba ba."

Tukunya ta tafasa. Kindirmon ya tsinke, ruwa tsararo ya taso sama, gudaji suka yi ta yawo a ciki. Zumar ta sauka gindi ta kama, ƙauri ya cika gida. Zabuwa ta juya, ta sake juyawa, abu ya ƙi haɗuwa. Amma ta riga ta tara jama'a, babu halin fasawa. Ta zuba ta miƙa.

Kunkuru ya hura, ya kurɓa kaɗan. Can ya ce, "Lalle kam, ya ji wuta."

"Kun ji ko!" in ji Zabuwa, tana duban jama'a. "Gwaggo, ke fa?"

Hawainiya ta kurɓa ta haɗiye da ƙyar. "Madalla," ta ce.

Amma tana rufe baki sai jikinta ya soma sauyawa. Daga kore ya koma ɗorawa, daga ɗorawa ya koma toka-toka, har ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunyar. Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka.

Hawainiya ta sunkuyar da kai. "Ki gafarce ni, 'yar nan. Bakina yana da kunya, fatata ce ba ta da ita."

Zabuwa ta shige ɗaki ta ja asabari, ba ta ƙara fitowa ba sai da kowa ya watse.

A hanyar komawa Bushiya ta yi ta maza ta tambaya. "Baba, me za ka gaya wa Inna?"

"Zan gaya mata ta bar ki inda kike, kin iya gida," in ji Kunkuru. "Amma ba yau zan tafi ba. Hanya da nisa, kuma Gwaggo na bukatar abin da zai dawo mata da launinta."

Darasin wannan labari shi ne, karamci ba ya bukatar babban murhu. Wanda ya ba baƙonsa ɗan abin da yake da shi, ya gyara shi da kula, ya yi la'akari da halin mai ci, to ya karɓi baƙo. Wanda kuwa ya yi girki don jama'a su gani, idan abin ya ɓaci a gaban jama'ar nan zai ɓaci. Kada ku hana maƙwabci wuta, yara. Kuma ina roƙonku, duk abin da za ku yi, kada ku ɗora kindirmo a kan murhu.