Mutumin da Ya Sare Kan Namijin Dabino

An yi wani mutum a ƙauyenmu, can Kawar, tsakanin Dirku da Bilma. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye, kuma mutanen kirki ne. Na san shi, na sha shayi a gonarsa, da ni aka ɗauki gawarsa. Saboda haka, ya 'yan uwa, abin da zan gaya muku ba jita-jita ba ce.

Su biyu ne wajen ubansu, shi da ƙanensa Abari. Da uban ya rasu aka zo rabon gonar dabino, Abari ya ce, "Yaya ya fara zaɓa." Ya kuwa zaɓa. Ya ɗauki gefen rijiya, inda manyan itatuwa suke, har da wani ƙaton namijin dabino da kakansu ya dasa. Abari ya tashi da gefen tudun yashi, mai 'yan ƙananan dashe da ba su fara haihuwa ba. Ya karɓa ya kama aiki.

A wurinmu macen dabino ba ta haihuwar kirki sai an yi mata aure. Ƙarshen sanyi, idan kwasfar furenta ta tsage, sai mutum ya hau da reshen furen namiji, ya karkaɗa garinsa a ciki, ya cusa reshen, ya ɗaure. In ya yi sanyin jiki furen ya wuce, sai baɗi. Namijin gidan nan kuwa babu irinsa a ƙauyen. Duk macen da aka aura da shi, 'ya'yanta sukan yi tsoka da zaƙi.

Al'adarmu ita ce, furen namiji ba a sayar da shi, ba a kuma hana shi. Ko gaba kuke yi da mai itacen, ka yi sallama, ka hau, ka yanki daidai buƙatarka. In dabino ya nuna ka kai masa ƙwarya guda ta nunan fari. Haka muka tarar.

Mutumin nan ba fasiƙi ba ne a farkonsa. Sahun gaba yake salla. Kafin ladan ya gyara murya shi ya riga ya shimfiɗa buzunsa.

Shekaru suka tafi. Ashe gefen tudun nan da aka raina ruwansa a kusa yake. Dashen Abari suka tashi, suka fara zuba 'ya'ya, har sai ya kafa gwafa ya tokare nonon dabino don kada nauyi ya karya shi. Na wan kuwa suna nan suna bayarwa kamar kullum. Ku riƙe wannan da kyau. Bai rasa komai ba. Rumbunsa bai taɓa wayar gari babu gero ba, iyalinsa ba su taɓa kwana ba burabusko ba. Abu ɗaya ne ya sauya: na ƙanensa ya fi nasa.

Da ayarin Buzaye ya sauka da gero don musaya, sai madugai suka riƙa wuce tabarmarsa suna nufar ta Abari. Wani ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Af, kai ne wan Abari? Madalla. Ina zan same shi?" Buzun nan bai san ya soka wuƙa ba. Mutumin da aka haifa tun kafin Abari ya zo duniya, yau da sunan Abari ake gane shi!

Daga nan ya kama wata ɗabi'a. Kullum da hantsi sai ya hau mafi tsawon itacensa, ba don aiki ba, sai don ya leƙa gonar ƙanensa. Ya sauko fuska a murtuke. Matarsa Gaji takan ce, "Malam, abin da kake gani a saman nan in ba ya maka daɗi, mene ne na hawan?" Washegari sai ya sake hawa.

Ya ƙara ibada. Azumin nafila, sadakar akuya, doguwar sujada. Ran nan ya je wurin limaminmu mai suna Ba Kiyari, ya ce masa, "Malam, a taya ni roƙo."

Liman ya ce, "Allah ya sa wa gonarka albarka."

Ya ce, "Albarka ai ina da ita. So nake bana nawa ya fi na Abari."

Liman ya ce, "Ɗana, ni ban iya wannan addu'ar ba."

Ya 'yan uwa, wannan ibada ce ko ciniki? Wa ya taɓa ganin bawa ya gindaya wa ubangijinsa sharaɗi? Dabino ya nuna, na Abari ya sake fin nasa. Sai buzun sallar nan ya koma sahu na biyu, ya koma bakin ƙofa, ya ɓace daga masallaci.

Aka zaci ciwo ne. Da aka tambaye shi a inuwar da maza ke zama bayan la'asar, sai ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sa kowa ya ajiye kofin shayinsa.

Ya ce, "Ku daina wahalar da goshinku. Babu kowa a can. Kuna cewa Allah ke ba da dabino. To wa ke hawa? Wa ƙaya ke soka? Ku bar mace ɗaya ba aure, ku zauna gindinta ku yi ta jan carbi, mu ga abin da za ta haifa. Garin fure ke yin dabino, garin nan kuwa a gonata yake."

Wata tsohuwa mai suna Ya Zara tana wucewa da tulu, ta tsaya. Ta ce, "Kai ɗan nan, ni na yanke maka cibiya. Garin da kake taƙama da shi, kai ka daka shi ka zuba a kwasfar?"

Ya ce, "Itace ke yin abinsa, Iya."

Ta ce, "To itacen fa, uwarka ce ta saƙa shi?"

Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "In da akwai mai rabo, kuma mai adalci ne, zai ɗauki garin itacena ya cika rumbun Abari? Yaron da na goya? Ni da nake riga shi zuwa masallaci?"

Ni ina wurin, kuma na lura da abu guda. Ya yi ta kawo hujjoji a watannin nan, wasu har da kaifi. Ya yi maganar jarirai masu mutuwa, ya yi maganar fari. Amma duk inda hujjarsa ta faro, a ƙofar gonar Abari take ƙarewa. Jarirai sun daɗe suna mutuwa a ƙauyen yana sahun gaba, ba su hana shi salla ba. Sai da ƙanensa ya kafa gwafa.

Sanyi ya zo ƙarshe. Ya yi shela cewa bana babu mai taɓa namijinsa. "Wanda ya ce Allah ke bayarwa, ya je Allah ya ba shi." Mutane suka ɗauka zafin rai ne. Dattawa suka ce, "Itacen naka ne, furen na jama'a ne. In ya buɗe za mu yi sallama mu hau, kamar yadda muka yi wa ubanka."

Ya san za su hau. Sai ya jira ranar Juma'a, lokacin da duk namijin ƙauyen yake masallaci. Ya ɗauki gatari ya hau. Ya yanke kwasfar furen kaf, wadda ta ƙosa da wadda ba ta ƙosa ba. Bai tsaya nan ba. Ya sa gatari ya sare kan itacen. Dabino kai ɗaya gare shi, in aka sare ba ya tohowa. Muna cikin huɗuba muka ji faɗuwar kan itacen.

Furen da ya yanko, kowane yaro a Kawar ya san a inuwa ake shanya shi, iska na ratsa shi. Shi ma ya sani, ya fi ni sani. Amma in ya shanya za a gani, in an gani wani zai ɗiba ya kai wa Abari. Sai ya danna shi ɗanye cikin tulu, ya liƙe bakin da laka, ya binne a ɗaki.

Ƙauye ya shiga ruɗani, ga furen mata ya fara tsagewa. Sauran mazajen dabinon ba su isa kowa ba. Abari ya ɗaura wa jakinsa mangala ya nufi ƙauyen gaba, ya roƙo fure, aka cika masa. Da ya dawo, kun san gidan da ya fara tsayawa? Gidan wansa.

A ranar mutumin ya tone tulunsa. Da ya fasa lakar, wari ya buge shi. Furen ya yi baƙi, ya yi funfuna, ya dame. Yana tsugune a kansa sai ga sallamar Abari, da dami a hannu.

Abari ya ce, "Yaya, ga naka. Na fara kawo maka kafin in hau nawa. Naka sun riga nawa buɗewa, kada su wuce."

Ya 'yan uwa, ga ƙofa Allah ya buɗe masa har cikin ɗaki. Miƙa hannu kawai ya rage. Amma sai ya dubi damin, ya dubi mai riƙe da shi, ya ce, "Daga hannunka? Fita mini daga gida."

Ya ɗauki ruɓaɓɓen furen nan ya hau ya ɗaura wa itatuwansa.

Da lokaci ya yi, nasa suka fito 'yan firit, ba ƙwallo, ba zaƙi, sai bauri. Irin wanda akuya kaɗai ke ci. Ayari ya zo ya tafi, bai shimfiɗa tabarma ba. Na Abari kuwa sun yi, duk da ba su kai na da ba, don an rasa namijin nan.

Gero ya ƙare a gidan wan. Abari ya riƙa aikawa a ɓoye ta hannun Gaji. Ran da wan ya gane inda tuwon yake fitowa, ya ɗauki buhun ya zazzage a yashi, yara suna kallo. Gaji ta tsuguna tana tsincewa, tana cewa, "In kai ka ƙoshi da baƙin ciki, su ba su ƙoshi ba." Washegari ta kwashe su ta tafi gidan iyayenta.

Ya rage shi kaɗai, yana tafasa ɗanyen dabinon nan yana ci. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya bar ban ruwa, ya bar gyaran zarɓa, wato rassan dabino. Abu ɗaya ne bai bari ba: hawan dogon itacen nan da hantsi don leƙen gonar ƙanensa. Wata rana ya kai sama, hannun ya kasa riƙe shi.

Abari ne ya ji faɗuwar, shi ya tsallako ya ɗauke shi. Bayan wan ya karye. Muka taru a kansa, ni da liman da wasu dattawa, muka ga alamar tafiya ce. Abari ya ɗora kan wansa a cinya, yana kuka, yana cewa, "Yaya, ka ce La'ilaha illallahu. Yaya, don girman Allah ka faɗa."

Leɓensa ya motsa. Muka matso, zuciyarmu ta yi sanyi, muna zaton kalmar ce. Sai muka ji ya ce, "Na bana ma... naka sun fi nawa?"

Abari ya ce, "Yaya, na ba ka gonar. Wallahi na ba ka duka, ga shaidu. Kai dai ka faɗi kalmar."

Ya buɗe ido ya dube shi. Ya ce, "Ka ba ni. Har yau kai ne mai bayarwa." Ya juya fuskarsa wajen bango. Ba mu ƙara jin komai daga bakinsa ba har ya cika.

Abin da ya gudana tsakaninsa da Ubangijinsa a numfashin ƙarshe, ban sani ba, kuma ba ni da ikon yanke masa hukunci. Abin da kunnena ya ji na gaya muku.

Ana yawan tambayata, "Malam, me ke sa mutum ya ce babu Allah?" Hanyoyin suna da yawa. Akwai wanda tambaya ce ta gaskiya ta tsaya masa a wuya, ya kawo ta aka kore shi da zagi. Wannan a zaunar da shi, a amsa masa da hankali, kuma laifin namu ne in muka ƙi. Akwai wanda ya ga mai rawani yana cin amana, ya haɗa da addinin ya zubar. Amma wanda na fi jin tsoro, domin ya fi kusa da mu, shi ne irin mutumin nan. Bai nemi Allah ya rasa ba. Fushi ya yi da rabo, ya rasa yadda zai rama, sai ya ce babu mai rabon. Ai Iblis ma ba jahilci ne ya fitar da shi ba, ganin an ɗaukaka wani ne.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen dabino ne, ni ba ni da ko itace ɗaya. Kai da ka ji maƙwabcinka ya samu ƙarin girma abinci ya ƙi shiga, wane itace kake hawa da hantsi? Ke da kika ga 'yar ƙanwarki ta gama karatu kika ce "Madalla" da baki, cikinki yana tafasa fa? Ba rana ɗaya ake barin masallaci ba. Daga sahun gaba ake komawa na biyu. Idan ka ji addu'arka ta fara ambaton sunan wani don a rage masa, to tashi ka sake alwala, ka je ka yi masa barka, ko da muryarka tana rawa.

Kututturen namijin nan yana nan tsaye a gefen rijiya, ba kai. Abari ne ya riƙe 'ya'yan wansa har suka girma, ya damƙa musu gonar ubansu. Duk ƙarshen sanyi sai sun ɗaura wa jaki mangala sun tafi ƙauyen gaba roƙon fure.

Ya Allah, ka wanke zukatanmu daga ƙyashin abin da ka ba bayinka. Ka sa mu ga namu rabon kafin mu ga na wani. Ranar da aka ɗora kanmu a cinya ana laƙana mana kalma, ka sauƙaƙa ta a harshenmu, kada sunan wani ya riga ta fita. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.