Yashi a Cikin Mitar Mai

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, tun ba a yi gada ba, tun kwalta ba ta san hanyar garin ba. Kai na baya mai danne-dannen waya, ajiye ta, ba guduwa za ta yi ba. Ku saurara.

A zamanin nan, in ji tsofaffinmu, komai ta ruwa yake shigowa. Ranar kasuwa tun sassafe za ka ji kukan injina daga nesa, kowane da muryarsa, har mace kan gane jirgin mijinta tun bai ɓullo kwana ba. Albasa, shinkafa 'yar gida, awaki a ɗaure suna ta ƙorafi. Warin fetur ya gauraya da ƙanshin kifin banda. Wanda bai shaƙi wannan ba, gaskiya an yi ba shi.

Mutumin nan sunansa Nomau, bakaniken injin jirgi. Rumfarsa kwano huɗu ce a gindin wata ɗorawa. Ba shi da surutu, ba irina ba. In ka kawo inji sai ya kara kunne, ya gaya maka ciwonsa tun bai ɗauki sifana ba.

To akwai wani Alhaji Maiwada mai jirage shida. Mafi tsufa a ciki, mai injin nan da ke tari kafin ya tashi, Baba Hantsi ke tuƙa shi, shekara ashirin da takwas ke nan. Mata 'yan kasuwa su ba shi kaya ba ƙirge, su tafi gida su yi barcinsu.

Wata rana Alhaji ya je birni ya dawo da wani abu a kwali, wai mitar mai. Yanka tiyon mai ake yi a sa ta a tsakani. A cikinta akwai wata 'yar fanka, ba ta kai kwabo ba. Mai na wucewa tana juyawa, agogon da ke jikinta yana nuna litar da inji ya sha. Alhaji ya ce da Nomau a fara da tsohon jirgi, in ta yi kyau shi zai sa wa sauran biyar. Nomau ya sa. Amma tiyon ya gaza da kamar taƙi ɗaya, ga rana ta yi, sai ya ɗaura ta kafin filta maimakon bayanta. Taƙi ɗaya fa, jama'a. Taƙi ɗaya.

Sati biyu, magana ta tashi. An zuba lita talatin, tanki ya ƙare, mita ta ce ashirin inji ya sha. Ina goma? Alhaji bai ja Baba Hantsi gefe ba. A gaban masu lodi, a gaban masu kifi ya tambaye shi.

Baba Hantsi ya ce, "Alhaji, ko ɗigo ban taɓa ɗiba ba. Allah na gani."

Alhaji ya ce, "Mita ba ta da ciki, ba ta da iyali. Don me za ta yi maka ƙarya?"

Ya karɓe jirgin, ya sa aka ɗaure shi a turke kafin a samo wani matuƙi. Ku kun san bakin mutane. Waɗanda jiya suke cewa Baba, yau sun tuna ai tun da can sun ga take-takensa. Tsohon da ke sahun gaba ya koma sahun baya, kusa da takalma, ana sallama ya sulale.

Abin ya tsaya wa Nomau a rai. Da tsakar rana, bakin ruwa ba kowa, ya shiga jirgin ya kwance mitar. Me zai gani? Yashi. Man jarka ne ake sha a garin, ba ya rabuwa da datti, ga shi babu filta a gaba da za ta tare. Fankar ta juya, ta cije, ta juya, ta cije, mai kuwa yana ta wucewa ba ta ƙirga ba. Nan take ya gane aikin hannunsa ne.

Sai Shaiɗan ya zo, kun san shi da ladabi. Ya ce Nomau, abin minti goma ne. Wanke ta, ƙaro tiyo, mayar da ita bayan filta. Ka gyara kuskurenka, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani, ga jirage biyar na jiranka.

Ni da ku da tuni mun wanke. Kada wani ya yi mini fuskar waliyyi, na san ku. Amma ku saurara. In ya gyara a ɓoye, sabon matuƙi ya hau, mita da tanki bakinsu ya zo ɗaya, me gari zai ce? Zai ce kun gani, tun da aka cire tsohon, mai ya daina ɓata. Gyaran nan shi ne zai zama shaidar da za ta binne Baba Hantsi har kabarinsa.

Sai Nomau ya mayar da mitar yadda ya same ta, da yashinta da komai, ya ɗaure.

Ranar kasuwa ya je wurin Sarkin ruwa, ya roƙa a kira Alhaji da Baba Hantsi. Mutane suka taru, don ba a gayyatar ɗan Adam kallo. Ya auna lita huɗu a jarka a idon kowa, ya tsoma tiyo, ya ja igiya. Jirgi na ɗaure, inji na kuka, jama'a na shan hayaƙi, har mai ya ƙare inji ya mutu don kansa. Aka leƙa mita. Biyu da rabi.

Sai Alhaji ya fara faɗa, wai ashe jabu 'yan birni suka sayar masa. Kun ga wata ƙofar ta sake buɗe wa Nomau, ba ma shi ya buɗe ta ba. In ya yi shiru kawai, laifi ya hau mota ya tafi birni.

Nomau ya kwance mitar, ya zazzage yashin a tafin hannunsa, ya ɗaga.

Ya ce, "Alhaji, mita lafiyarta ƙalau. Ni na sa ta inda bai kamata ba, don ƙyuyar neman tiyo. Baba bai ci maka komai ba. Ni na jawo masa, a gaban mutanen nan aka kunyata shi, shi ya sa na faɗa a gabansu."

Kada ku jira in ce ya tsinci zinariya a hanyar gida. Alhaji ya ba Baba Hantsi haƙuri, da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori, ya mayar masa da jirginsa. Haushin kuwa a kan Nomau ya sauke. Jirage biyar wani aka ɗauko daga birni ya yi. Wata da watanni rumfar Nomau sai ƙuda. Mutum ɗaya ne bai fasa zuwa ba. Kullum in Baba Hantsi ya sauke lodi, sai ya ɗauko kwanon tuwonsa ya zo gindin ɗorawa, ya ce, "Matsa mini, ɗana, sa hannu." A nan yake ci, inda kowa zai gan shi.

Nomau a rumfar nan ya tsufa. Yanzu an yi gada, jiragen sun ruɓe, ba mai tuna sunan injin ma.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Kuskure na kowa ne, gyara ma ba wuya. Amma in kuskurenka ya faɗa a kan mutuncin wani, gyaran ɓoye bai wanke ka ba, ƙara danne shi ka yi. Kai da ka ce makulli ya ɓata aka kori mai gadi, daga baya ka gan shi a aljihun wandonka ka lallaɓa ka jefa a durowa, da kai nake. Ke da kika tura magana a kan wata, kika gane ƙarya ce kika goge shiru, mutum ɗari sun riga sun karanta, da ke nake. Inda aka zubar da mutuncin mutum saboda kai, nan za ka koma ka tsaya da ƙafarka ka ce ni ne.

Kowa a nan ya san sunan wanda yake ɗauke da laifinsa. In yana da rai, yau ba ta ƙare ba tukuna. Allah Ya ba mu ikon buɗe baki.