Ranar da Aka Kama Ɓarawon Talabijin

Ku gyara zama, jikoki, a rage wa akwatin nan murya. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

An yi wani mutum ana ce masa Isiyaku, ɗan wasan kwaikwayo ne a talabijin. Shekara goma sha tara yana fitowa a wasannin nan na 'yan sanda da masu laifi, bai taɓa fitowa a mutumin kirki ba ko sau ɗaya. In an yi sata, shi ne. In an kashe attajiri, shi ne. Allah ya yi masa wushirya da ƙananan idanu, sannan yana da wata ɗabi'a tun yana yaro: in magana ta sha masa kai, sai ya sosa bayan kunne. Masu shirya wasa suka ga abin ya yi kyau, suka ce ya riƙa yi duk sanda zai zuga ƙarya. A gida kuwa, mutumin nan ko kaza ba ya iya yankawa, sai an kira maƙwabci.

To, a garin Rafin Tsamiya akwai wasu aminai mata uku, 'yan kasuwa, da wasan nan ba ya wuce su. Duk Lahadi bayan la'asar a tsakar gidan Tabawa mai ƙosai ake shimfiɗa tabarma, don ita ce mai sola. Rabi kallo, rabi musu, kuma musun kullum a kan Isiyaku ne.

Tabawa takan ce, "Ni in ban ga wushiryar nan ba, ban yi kallo ba. Da ya shigo sai in ji kamar ɗan'uwa ne ya zo gaisuwa."

Yahanasu mai daddawa sai ta ja tsaki. "Ina daɗin yake? Yana leƙowa na san wanda ya yi kisan, sai in zauna ina kallon 'yan sanda suna wahalar banza har wata uku. Mutane ne suka ƙare a ƙasar nan? A kawo sababbin fuskoki mana, mu ma mu wahala."

Ita kuwa Kuluwa mai kayan koli, tausayinsa take ji. Duk ranar da aka kashe shi a wasa sai ta jiƙa gefen mayafi da hawaye. "Bawan Allahn nan bai yi kama da mugu ba," in ji ta. "A ba shi kaki ko sau ɗaya, shi ma ya kama wani."

Ana nan sai 'yar Isiyaku ta haihu. Ya ji labarin raguna sun fi araha a Rafin Tsamiya, ya shiga mota ranar kasuwa, da hantsi yana cikin kara, kasuwar dabbobi, yana taya ragon suna. Ashe a daidai lokacin an zare wa dillalin da yake ciniki da shi waya daga aljihu. Wani ya yi ihu, "Ɓarawo!" Jama'a suka waiwaya suna neman fuskar ɓarawo, sai ga wadda suka sani shekara goma sha tara.

Wani mahauci ya ce, "Kai! Ba kai ne ka kashe Alhajin nan mai gidan mai ba?"

Isiyaku ya ce, "Ni ne. A'a, wato, ai wasa ne…"

"Ina wayar?"

Magana ta sha masa kai. Hannu ya tafi bayan kunne.

"Ya sosa! Wallahi ya sosa!"

Shi ke nan, kasuwa ta tashi. Masu sanda suka ɗaga sanda, wani har ya fara gangaro tsohuwar taya. Isiyaku ya kama salati, ba abin da yake tunawa sai jikar da ko suna ba a raɗa mata ba.

Tabawa tana gindin murhu ta ji muryar, muryar da za ta gane ko daga barci aka tashe ta. Ta naɗe hannuwa da tsumma, ta sauke kaskon mai yana tafasa, ta ratsa taron tana cewa, "Hanya! Mai ne!" Ta tsaya a gaban Isiyaku, ta ce, "Duk wanda ya ƙara taku ɗaya, na soya shi. Ɓarawona ne, ba mai taɓa shi." Ba ta da hujja ko ɗaya, amma tana da mai. Kowa ya ja baya. Da ba ta tsaya a nan ba, da an gama da shi kafin wani ya buɗe baki.

Sai dai mai hucewa yake yi. Yahanasu ta iso, ko kallon Isiyaku ba ta yi ba, ta gaji da fuskar. Taron take bi da ido. Kowa na turowa gaba, sai mutum ɗaya, wani saurayi mai farin yadi da ba wanda ya san shi a garin. Ya fi kowa ihu, amma ƙafafunsa baya suke yi. Ta matsa ta riƙe bakin rigarsa, ta ce, "Wa ke da lambar dillali? A kira." Aka kira. Sai ga waya tana kuka a ƙarƙashin hular saurayi, ko sukunin kashe ta bai samu ba. Yahanasu ta ce, "Shekara nawa ina ce muku a duba sabuwar fuska?" Da ba ta gano shi ba, da ya sulale da wayar, laifi ya tabbata a kan Isiyaku.

Kuna tsammanin magana ta ƙare? Ba ku san mutanenmu ba. Mahaucin nan ya ce, "Yaronsa ne! Ai haka yake yi, ya tura yara, shi yana gefe kamar ba ruwansa!" Sanduna suka sake tashi, ga mai ya huce. Sai Kuluwa, 'yar gajeriya mai ƙaramar murya, ta hau kan bencin dillali tana lissafi da yatsu. "Jama'a, ku ji. Mutumin nan bara waccan an harbe shi a kan gada, na yi kuka. Da azumi aka rataye shi, ranar ko kunu ban iya sha ba. Mota ta ƙone da shi a ciki. Sati uku da suka wuce ya faɗa rijiya. Sau goma sha ɗaya yana mutuwa a gaban idona. In abin cikin akwatin nan gaskiya ne, to gawa ce ta zo sayen rago. Ku gaya min, me za ku kashe?" Sai wani tsoho ya fara tuntsirewa da dariya, ta bi taron kaf, mai taya ya zauna a kan tayarsa yana riƙe ciki. Da Kuluwa ba ta yi maganar nan ba, da an haɗa su biyun an daka.

Aka miƙa saurayi ga 'yan sanda na gaske. Waɗanda suka ɗaga sanda ɗazu, su ne suka yi layi a ɗauke su hoto da Isiyaku. Dillali ya ba shi igiyar rago kyauta.

Da labari ya kai kunnen darakta, mai raba musu aikin wasa, sai da ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Bayan sallah za mu fara sabon wasa. Je ka wurin wadda ta ceci ranka, duk abin da ta ce ka fito, shi za ka fito. Amma baki ɗaya nake so, ba uku ba."

Ranar Lahadi Isiyaku ya koma da naman suna da atamfa turmi uku, iri ɗaya don kada a yi ƙorafi. Ya durƙusa a bakin tabarma ya ce, "Iyayena, ga abin da aka ce."

Tabawa ta ce, "Ɓarawo, ɗan nan, har ka tsufa. Shi ka iya, shi ke ciyar da kai."

Yahanasu ta ce, "A sa shi gawar da za a tsinta ranar farko. Ya kwanta ya huta, mu kuma mu rasa wanda za mu zarga."

Kuluwa ta ce, "Sufeto. Da hula da sanda. Jikarsa ta taso ta ga kakanta yana kama mugu."

Isiyaku ya shiga lissafi. In ya koma ɓarawo, tuwo ya tabbata, amma ba zai ƙara shiga kasuwa ba tare da waiwaye ba. In ya zama gawa, aikin yini ɗaya ne, sauran shekara zaman gida. Sufeton nan kuwa ya daɗe yana sonsa a ransa bai gaya wa kowa ba, amma ya san ranar da ya manta ya taɓa kunne, ƙasar nan duka za ta ce ya karɓi cin hanci. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, kowacce ya san da hannunta a ceton ransa. Hannu ya tafi bayan kunne.

Su ukun suka haɗa baki, "Ya sosa!"

Har yanzu yana nan durƙushe, darakta na jira. Ga wadda ta tare sanda da kaskon mai, ga wadda ta zaƙulo ɓarawon gaske, ga wadda ta mayar da fushin kasuwa dariya. To, ku da kuke ta ƙyaƙyatawa, wace ce a cikinsu ta fi cancanta ta zaɓa wa Isiyaku abin da zai fito?