Ɗanyar Fata a Ƙarƙashin Mota

An yi wani mutum a nan Matameye, zamanin da kumandan Nasara yake zaune a Magarya, yana da mota ƙwaya ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye.

Ranar da labarinsa ya iso gida, matarsa Balki tana jera itacen wankan jego a bayan ɗaki. Tun da hantsi ta kasa zama. Ta share ɗaki, ta sake sharewa, ta leƙa zaure, ta dawo. Ruwan fari ya sauka da safe, gari ya yi sanyi, amma ita zufa take yi. Sai ga wani mai jaki ta hanyar Dawce. Ya yi sallama, ya ce a kira masa namiji. Babu namiji a gidan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwargida, sai haƙuri. Mota ta kife."

Ya 'yan uwa, bari in koma baya, ku ji yadda aka kai ga wannan rana.

Bayan babban yaƙin Nasara, mutumin ya sayi motar a hannun wani Kwara, Balarabe mai kanti, a Damagaram. Ƙarama ce mai buɗaɗɗen baya, kuma tun a lokacin ta tsufa. Da kaka ya yi jigilar gyaɗa, da rani ya kwashi 'yan kasuwa zuwa Kurni da Tsauni. Mutanen gari suka sa mata suna Sai-an-tura, don ba ta tashi sai majiya ƙarfi sun sa kafaɗa.

Mutumin ba ya zama. Kullum yana ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani. Tankin esansi, wato fetur, ya yi yoyo, ya liƙe da sabulu. Ma'ajin ruwanta ya tsage, ya zuba garin barkono ya toshe. Taya ta fashe a daji, ya cusa mata ciyawa ya lallaɓo gida. Duk wannan babu laifi. Talaka da dabara yake ci. Wanda ya hau ya ga halinta da idonsa, ya hau da saninsa.

Sai wata rana ƙarfen da ke juya ƙafafunta na gaba ya tsage. Sabo sai an aika Damagaram, motar ta zauna, gyaɗa kuwa ba ta jira. Ya je wurin majema ya sayo ɗanyar fatar sa, ya yanka ta siri-siri, ya naɗe tsagar tun fatar tana jiƙe. Rana ta busar da ita, ta kama gam.

Balki ta kawo masa fura ta gani. Ta ce, "Malam, wannan ba fata ba ce?"

Ya ce, "Ke da tukunya kika sani, ina ruwanki da cikin mota?"

Ta ce, "Mota ban sani ba, amma gugana na fata ne. Kullum ina ganin yadda yake komawa in ya sha ruwa."

Ya ce, "Kafin damina na sa sabo. Ajiye furar ki tafi."

Kaka ta yi kyau a shekarar, ya samu. Ya sayi ƙarfen? Bai saya ba. Shuɗin fenti ya sayo, da ƙaho mai amo, don a ji shigowarsa tun daga bakin gari. Fatar kuwa ya shafe ta da baƙin mai, har ba mai bambanta ta da ƙarfe. Nan zunubin ya fara, ya 'yan uwa. Da can gyara yake yi, yanzu ya koma ɓoyewa.

Suna da 'yar fari, mai sunan mahaifiyarsa, ana kiranta Uwa. Tana aure a Dawce. Ta samu cikin fari, ya tsufa, lokaci ya yi da za ta zo gida goyon ciki. Mahaifin mijinta, Malam Manu, ya aiko cewa za a kawo ta a kan jaki sannu-sannu. Mutumin ya yi tsalle ya ce, "'Yar mai mota a kan jaki? Me Matameye za ta ce?" Ya tafi ɗauko ta da kansa.

Yana isa Dawce hadari ya haɗu, ruwa ya sauka. Da aka ɗauke, ya ce a fito da kaya. Malam Manu ya zagaya motar, ya duƙa, ya miƙe. Ya ce, "Mai mota, wani majemi ya ce ka sayi fatar sa guda a wurinsa, ga shi kuwa ban gan ka da sabon takalmi ba."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Dariyar nan ta ƙona shi. Kalma ɗaya ta isa a lokacin: ya ce a bari ƙasa ta sha iska, ko ya ce a ɗauko jakin. Me zai rasa? Kwana biyu ana yi masa ba'a, shi ke nan. Sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Wallahi tallahi sabon ƙarfe ne, ni na kawo shi daga Damagaram."

Malam Manu ya ce, "Ka haɗa da Allah, magana ta ƙare. Uwa, hau, Allah ya sauke ki lafiya."

Ta zauna gaba kusa da mahaifinta. Wasu mata masu man gyaɗa suka hau baya. A hanya akwai korama, ta kawo ruwa. Ya kutsa ya haye, ruwa har cikin motar. Matan baya sun ce sun ji Uwa tana dariya tana cewa, "Baba, ashe Sai-an-tura ta iya iyo!"

Ba su yi nisa ba hanya ta karkata a kan gangare. Ya juya hannu, motar ta ƙi bin hannunsa. Fata ta sha ruwa, ta saki. Motar ta daki gawo ta kife. Matan baya suka zube a kan rairayi, da karaya da targaɗe. Uwa ba ta shura ba, ita da abin da ke cikinta. Shi kuwa bayansa ya karye.

Gardawan kumandan, wato dogaransa, suka zo, suka leƙa ƙarƙashi, suka zaro fatar tana lilo kamar tsumma, suka nuna wa jama'a. Ba a kai shi kurkuku ba, don me za a ɗaure a jikin da ba ya tashi? Malam Manu ya zo gaisuwa, ya ce Allah ya ji ƙanta, ya fita bai dubi inda mai motar yake kwance ba. Yau ko ruwa mutumin ya ce yana da sanyi, sai mai ji ya taɓa da hannunsa.

Balki fa? Uwa 'yar farinta ce, kunya ta hana ta kiran sunanta tana raye, ta kuma hana ta kuka a gaban mutane da ta rasu. A madafa ta yi kukanta, ta ce hayaƙi ne.

Wasu za su ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, ajali ba ya wuce ranarsa. Amma wa ya shafa baƙin mai? Wa ya ɗaga yatsa? Ya 'yan uwa, rashi ba zunubi ba ne, tsohuwar mota ba abin kunya ba ce. Wanda ya ɗauki rai ya ɗauki amana. In da aibi a abin hawanka, faɗa wa mai hawa, ya zaɓa da kansa. Kada ka sa sunan Allah ya zama murfin ɓarakarka, don mai gaskiya yana jin sunan nan zai miƙa maka abin da ya fi so, kamar yadda Malam Manu ya miƙa.

Balki tana nan, ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu. Kowace safiya in ta ji motar kasuwa ta tashi, sai ta ajiye taɓarya, ta je bakin zaure ta tsaya. Ba ta san ko mutum ɗaya a ciki ba. Tana nan tsaye har ƙarar ta ɓace, tana cewa: Allah ya kai ku lafiya, Allah ya kiyaye mu da rantsuwar ƙarya, ya kiyaye 'ya'yanmu daga hannunmu. Amin.